Tablet ɗina ya ƙi magana da FL Studio, a taimaka

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan situdiyo a shagon da nake haya a Ƙofar Marusa, galibi waƙoƙin biki nake yi da na talla. Ni ne mai ɗauka, ni ne kuma mai rerawa. Kwamfuta tana waje, makirfo yana cikin ɗan ɗakin da na liƙa wa soso, saboda haka duk baitin da ya karkace sai na cire abin kunne, na fito na danna, na koma da gudu kafin kiɗa ya iso wurin shigata. Ana cikin zafin nan kuwa, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga.

Yayana ya bar mini tablet ɗin Android, na sa masa TouchOSC, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, don na riƙa dannawa daga cikin ɗaki. Maɓallai sun fito ras, amma ko na taɓa babu abin da ke motsi a FL Studio, manhajar da nake ɗaukar waƙa da ita. Windows 10 nake amfani da ita. Sai na sayi data ne, ko akwai wani kebul da ake sawa?

Injiniyan Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye kuɗin datarka. Abin da ake buƙata kawai su biyun su hau Wi-Fi ɗaya. Kunna hotspot na wayarka, ko data a kashe, ka jona tablet da kwamfutar a kai.

TouchOSC shi kaɗai ba zai isa FL ba, sai ka sa wa kwamfutar ƙaramar manhajar TouchOSC Bridge, kyauta ce. Ita ke karɓar saƙo ta iska ta miƙa shi a matsayin MIDI, wato saƙon da kayan kiɗa ke aika wa kwamfuta. Bayan ta tashi, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig, ka kwafi lambar IPv4, ka zuba ta a wurin Bridge cikin saitin haɗi na tablet. Daga nan danna F10 a FL, za ka ga TouchOSC Bridge a jerin Input, ka zaɓe shi ka kunna Enable. Don ɗaura fada (fader, abin ja na ƙara ko rage sauti), danna ta a FL da maɓallin dama na linzami, zaɓi Link to controller, sannan ka motsa ta tablet.

Inda mutane suka fi maƙalewa shi ne firewall, wato katangar tsaro ta Windows. Windows takan ɗauki sabon hotspot a matsayin Public, sai ta tare Bridge ɗin shiru ba sanarwa. Mayar da shi Private. Kuma lambar IP tana iya canzawa in ka kashe hotspot ka sake kunnawa, ka riƙa dubawa.

Mai Piyano Daura:
Injiniya, bayaninka daidai ne, amma ka kai yaron nan hanya mai nisa. Shi ɗauka da tsayarwa yake so, ba jan fada ba. Masu FL ɗin da kansu suna da manhaja kyauta, IL Remote, maɓallan ɗauka da kunnawa suna nan a shirye. A shafin F10 ɗin nan zai kunna Enable Image-Line Remote, shi ke nan, babu rubuta lamba.

Ni dai in kiɗa zan buga, ba na yarda da iska. Daga Android 6 zuwa sama, in ka jona kebul na USB akwai zaɓin MIDI a wurin da ake zaɓar caji ko tura fayil. Amma kebul ɗin ba zai kai ɗakinsa ba.

Injiniyan Sabuwar Unguwa:
Haka ne Malam, na amince. Sai dai jinkirin da ake ɗora wa Wi-Fi, sau da yawa buffer ne, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. In yana kan samfur 512 a 44,100 cikin sakan, kusan milisakan 12 ke nan tun kafin iska ta ƙara nata. Ga mai danna ɗauka kuwa wannan ba komai ba ne.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri, manya. Public ɗin nan ne, ina mayar da shi Private IL Remote ya kama. Yanzu daga cikin ɗaki nake ɗauka. Saura abu ɗaya: allon tablet ɗin yana mutuwa ina tsakiyar baiti, haɗin ya yanke. A ina ake hana shi barci?