Zan je Barbados ta Landan, wace bizar yada zango zan nema?

Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, abin nan ya ɗaure min kai.

Ina da fasfo ɗin Najeriya, zan je wani taro a Bridgetown, babban birnin Barbados. Barbados ba ta neman biza a wajen 'yan Najeriya, kuma na tanadi katin rigakafin shawara, tikitin dawowa da takardar otal. Matsalar tana hanya. Ta Amurka ba ta yiwuwa, don ko canjin jirgi kawai za ka yi sai da bizarsu. Sai ejan ya yanko min ta Landan, amma tikiti biyu daban-daban: Legas zuwa filin jirgin sama na Heathrow a Landan da wani kamfani, Heathrow zuwa Bridgetown da wani.

Birtaniya tana da bizar yada zango iri biyu. Akwai DATV, ta wanda ba zai wuce jami'an shige da fice ba kuma zai tashi cikin awa 24, sai ta awa 48, ta wanda dole ya wuce su. Na kira kamfanin farko, suka ce jakata a Heathrow za a sauke ta, ba za su tura ta gaba ba. Kenan sai na fita na ɗauko ta. Ejan ya ce ba komai, DATV ta isa, ni kuwa ban yarda ba. Haɗe tikitin wuri guda kuma, kuɗin da ya faɗa ya fi ƙarfina.

Idan na bar babbar jaka na riƙe ta hannu kaɗai, DATV za ta wadatar da tikiti biyun nan, ko dole sai ta awa 48?