Muhawara: Ƙidayar gida-gida za ta iya gano masu yi wa kansu allurar maye?

Daga zauren sada zumunta na wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.

Malamin Firamare: Salamu alaikum. Tun ranar Juma'a ake ta cewa allurar maye ta shigo garinmu. Na duba rahoton binciken shaye-shaye na 2018 wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da tallafin UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka. Masu ta'ammali da ƙwaya miliyan 14.3 ne, amma masu yi wa kansu allura kimanin 80,000 ne a duk Najeriya, wato kusan mutum ɗaya cikin dubu na masu shekara 15 zuwa 64. A shaye-shaye gaba ɗaya ma Jigawa kashi 7 cikin ɗari ta samu, Kano 16. Don Allah mu daina ɗaga wa iyaye hankali. Tamu matsalar wiwi ce da sholisho da tiramadol.

Ma'aikaciyar Lafiya: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ce nake wanke gyambon da allura ta bari a cinyoyin samari. Babu wanda ya taɓa gaya mini gaskiya a zuwan farko, cewa suke yi ƙurji ne. Wanda ya ɓoye wa mai yi masa magani, baƙo mai takarda zai faɗa wa?

Mai Unguwa: Gaskiyarki 'yata. Duk masu ƙidayar da suka zo, wurina suke fara sauka, in haɗa su da ɗan rakiya. A zaure ake shimfiɗa musu tabarma, ko an ce a keɓe, maigida yana nan kusa yana jin komai. Yaron da ke tsoron NDLEA, yana jin kunyar ubansa, me zai ce? Mai yin abin ma ba a gida yake kwana ba, yana tasha ko kango, ko ya tafi cirani Kano.

Ɗalibin Ƙididdiga: Ranka ya daɗe, Baba, maganarka tana kan hanya, amma akwai gyara ɗaya. Masu binciken ma sun san da wannan raunin. Gidaje 38,850 suka shiga, sannan suka yi hira daban da mutum 9,344 da suka yi nisa a shaye-shaye. Sun kiyasta irin waɗannan sun kai 376,000, kuma ɗaya cikin biyar na yin allura. Daga nan 80,000 ta fito, ba daga zaure kaɗai ba. Matsalar ƙidayar gida-gida kuwa ta lissafi ce. Raba gidajen nan ga jihohi 36 da Abuja, kowace za ta samu dubu da 'yan kai. In abu ɗaya cikin dubu ne, 'yan tsiraru za ka tarar a samfurin jiha guda, biyu su yi shiru, alƙaluman sun rushe. Shi ya sa ake bi ta bayan gida: a tambaye ka mutum nawa ka sani masu yin allura, ba tare da suna ba, ko a ba mai yi takardar gayyata ya kawo abokansa, su ma su kawo nasu.

Malamin Firamare: To ai ka ƙarfafa maganata, ɗana. Tunda sun bi su har maɓoyarsu, alƙaluman abin dogaro ne. Hajiya kuma, asibitinki ƙauyuka da yawa ke zuwa. Mutum uku masu dawowa kullum sai su zame miki kamar talatin.

Mai Kemis: Malam, maɓoya wacce? Mai yin penta, wato allurar pentazocine ta kashe zafin ciwo, ba ya zama a majalisar 'yan wiwi. Na san mai sikila da aka fara yi wa ita saboda ciwon ƙashi, yanzu ba ya iya rabuwa da ita. Akwai matan aure a cikin kulle da ke aiko yara, ina mayar da su in babu takardar likita. Wane abokin shaye-shaye ne zai kawo matar kulle wurin masu bincike?

Ɗalibin Ƙididdiga: Wannan ita ce tambayar, Yaya. Kuma adadin na ƙasa baki ɗaya ne, ba a yi shi don ya faɗi halin ƙauye guda ba. Shekarunsa ma sun ja.

Ma'aikaciyar Lafiya: Na yarda, Malam, abin da na gani ba ƙidaya ba ne. Amma da alƙaluma ake raba kayan gwaji da ma'aikata. In takarda ta ce babu, ba a aiko mana komai ba, su kuwa yaran sirinji ɗaya suke karɓa-karɓa da shi, ga ciwon hanta, ga ƙanjamau. Daga gobe zan riƙa rubuta duk gyambon allura da na gani, da wanda ya dawo da sabon zuwa.

Ɗalibin Ƙididdiga: Anti, lamba kawai za ki sa, kada suna ya shiga littafin.

Malamin Firamare: In kin yi wata shida ki kawo mu gani. Har yanzu ban gamsu ba.

Mai Unguwa: Allah ya kai mu. Littafin kuma ya zauna a hannunta, ko ni ba zan buɗe shi ba.