Hajiya ta kafe sai na kai ta Siwa, me kuka gani?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Alƙahira. Mahaifiyata za ta zo duba mu a watan Janairu, kuma tun da ta ga hotunan tafkunan gishirin Siwa, wani gari a hamadar yammacin Masar, ta ce sai an kai ta. Ga ciwon gwiwa, ga tsirfar abinci. Bara da ta zo, loma biyu ta yi wa kushari, abincin nan na Masar mai haɗin shinkafa da taliya, ta ture kwanon. Kwana biyu kacal gare ni. Waɗanda suka taɓa zuwa, ku ba ni shawara.

Wani tsohon ɗalibi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwana biyu dai hanya ce za ta cinye su. Motar dare ba ta kasa awa 10 daga Alƙahira, kuma daga Marsa Matruh, garin bakin teku da ake bi ta cikinsa, sai kun nausa cikin hamada kusan kilomita 300. Da mai ciwon gwiwa, ku kwana a Matruh tukuna. Fasfo da iƙama su zauna a aljihu, akwai shingayen tsaro, don garin Siwa bai fi kilomita 50 da iyakar Libiya ba.

Wata 'yar uwa daga Iskandariyya: Ni tafkin zan yi maka bayani, don na sha wuyarsa. Yawancin waɗanda kake gani a hoto ramuka ne da aka haƙa wajen ɗibar gishiri, ruwa ya taru shuɗi shar, bakinsa fari fat. Ba ka nutsewa, kwanciya kawai za ka yi ya ɗauke ka. Amma fa ni da ɗan kaushi a dunduniyata na shiga, wallahi sai da na yi ƙara. Digo ɗaya ya faɗa ido kuwa, ranar ta ɓaci. Bakin ramin ma kaifi gare shi, Hajiya ta sa silifas, wani ya riƙe mata hannu. Ku tafi da jarkar ruwan daɗi na ɗauraye jiki, don in ya bushe sai ka ga riga ta sandare kamar an sa mata sitati. Kuma Janairu ruwan da sanyi, da rana tsaka za ku je.

Wani mai sayar da dabino: Batun ci, kwantar da hankalinka. Dabino da zaitun ne arzikin garin. Ka nemi a yi muku abu mardam: nama ko kaza ake binnewa a rami da garwashi a rufe da yashi, ya yi laushi har ya saki ƙashi. Sai an yi odarsa da wuri. Ka zo mata da yajinta daga gida, shi ke nan. Da dare shayi a bakin wuta, sai ta ɗauka a Agadas take. Yarensu ma, Siwi, dangin na Buzaye ne.

Tsohon ɗalibin: Kada dai ku tsaya a wanka. Tsohon garin Shali da gishiri da laka aka gina shi, ruwan sama na kwana uku ya narkar da yawancinsa a 1926. A ƙauyen Aghurmi da ke kusa kuma ga kufan ɗakin bautar da Iskandar sarkin Makidoniya ya ziyarta fiye da shekara 2,300 da suka wuce.

'Yar uwar: Yaya, hawan Shali da wannan gwiwar? A'a. Ta kalle shi daga kasuwa, da yamma a ɗauki tuk-tuk, wato adaidaita sahu, zuwa tsibirin Fatnas ta ga faɗuwar rana a zaune.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na karanta mata duka a waya. Ta ce kwana huɗu za mu yi, kuma tun yau za ta fara shafa wa ƙafarta man kaɗanya.