Wai ABU Zariya har yanzu tana nan da ƙarfinta ko tsohon suna ne kawai?

Abban Iman:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san ABU ciki da bai. Ƙanwata ce, autarmu, shekara biyu tana cike likitanci a JAMB Allah bai yi ba, to bana admishan ya fito amma kwas ɗin noma ta samu, tun ranar yarinyar nan take kumbure-kumbure wai ita ba za ta je jami'a ta koyo riƙon fartanya ba. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, Hajiya kuma ta ce ko me aka ba ta in dai ABU ce ta tafi, don ita a wajenta duk duniya ba makaranta sai ta Sardauna. Ni kuma poli na yi, ban san kan jami'a ba. Abin da nake so in sani, sunan nan da ABU take da shi har yanzu akwai aiki a bayansa ko tarihi ne kawai ake ci? Kuma a wane fanni ta fi ƙarfi? Kar in tura yarinya ta ɓata shekara biyar.

Ɗan Samaru:

Wa alaikumus salam. Yaya ka gaya wa ƙanwar taka ta share hawayenta, wlh in dai maganar bincike ake yi to cikin gidan aka sa ta, ba zaure ba. Mutane da an ce ABU sai su fara lissafo manya, Marigayi 'Yar'adua a nan ya yi, Atiku ya yi difloma a harabarta ta Kongo, Namadi Sambo, Sanusi Lamido, El-Rufa'i, duk gaskiya ne amma wannan ba shi ne ƙarfin makarantar ba, ƙarfinta yana gona.

Ka ga ita jami'ar ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe ta, amma tashar binciken noma ta Samaru ta girme ta da kusan shekara arba'in, tun a shekarun 1920 Turawa suke gwajin auduga da gyaɗa a wajen, da aka kafa jami'ar sai aka haɗa mata ita, ita ce IAR ta yanzu. Duk irin da ka gani a shagon masu sayar da iri sunansa ya fara da SAM, to Samaru ake nufi. SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake, SAMCOT auduga. Manomi a Giwa ko Dandume zai ce maka "ɗan bunƙasa" ko "irin gwamnati" ya shuka, bai san cewa wasu malamai ne suka kwashe shekaru suna auren wannan iri da wancan suna jiran damina bayan damina kafin a sake shi ba. Don aikin fitar da iri ba na gaggawa ba ne, sai an gwada a wurare daban-daban an ga yana jure fari ko ƙuduji ko cuta tukuna kwamitin ƙasa ya amince.

Misali na kusa, waken nan SAMPEA 20-T da aka saki a ƙarshen 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya cinsa, a IAR aka yi aikin tare da abokan hulɗa na waje. Duk wanda ya taɓa noman wake ya san yadda feshi ke cin kuɗi da lafiya, to shi wannan an yi shi ne don a rage yawan feshin. Na san akwai masu adawa da shi saboda irin da aka taɓa ƙwayar halittarsa ne, wannan muhawara ce daban kuma ba laifi a yi ta, amma dai ba za ka ce wajen da ya fitar da shi barci yake ba. Farkon 2024 ma an saki masarar TELA mai jure tsutsa da fari daga nan ɗin.

Sai NAPRI da ke Shika, ita dabbobi ne, kazar nan ta ƙwai Shika Brown su suka samar da ita. Ga NAERLS masu kai wa manoma sakamakon bincike. Ga tsangayar likitan dabbobi wadda jami'ar Kansas State ta Amurka ta taimaka aka kafa tun farko-farko. Yarinya in tana da kai, nan ne wajenta.

Gaskiya Ɗaci:

Hmm Ɗan Samaru ka yi kamfen sosai, saura ka yi mana kirarin ABU na "naturally ahead" kawai. Ni fa ba na ja da tarihi, amma mutum ya yi tambaya ne a kan yau. Jami'o'in gwamnati duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kuɗin bincike babu, malamai masu kyau suna ta ficewa Saudiyya da Ingila, 2022 yajin aikin ASUU wata takwas cur yara suna gida, 2020 ma haka. Wannan bai bar ABU ba bai bar kowa ba. Kuma zamanin da ita kaɗai ce a Arewa ya wuce, BUK da take reshenta a da, Kwalejin Abdullahi Bayero, tun 1977 ta tsaya da ƙafarta kuma yanzu a jerin da ake fitarwa na jami'o'i wani lokacin sai ka ga 'yar ta sha gaban uwar. Ni dai shawarata kar a zaɓi makaranta don Hajiya tana son Sardauna.

Malam Na Kongo:

Ɗana Gaskiya Ɗaci, maganarka akwai ƙamshin gaskiya, amma bari tsoho ya sa baki.

Mu da muka ga wajen a shekarun 1970 da 1980 mun san abin da ake nufi in an ce suna. Sardauna da kansa ne shugabanta na farko na girmamawa, wanda ya riƙe ragamar gudanarwa kuma Bature ne ɗan New Zealand, Norman Alexander, masanin fiziks. A 1966 Ishaya Audu ya karɓa, likitan yara, Bahaushe kuma Kirista, ya yi shekara tara yana gina wajen har 1975 lokacin da gwamnatin tarayya ta karɓe jami'ar daga hannun jihohin Arewa. Abin da ya yi wanda mutane suke mantawa shi ne makarantar share fage, SBS, don a lokacin yaran Arewa masu takardar shiga jami'a kai tsaye ba su da yawa, sai aka buɗe ƙofa aka riƙa ɗaukarsu ana shirya su. Da yawa daga cikin manyan da ake lissafowa ta wannan ƙofar suka shiga. Kuma ba 'yan Arewa kaɗai ba, Donald Duke na Kuros Riba a Zariya ya karanta lauya, a hostal ɗaya za ka tarar da Bayerabe da Tibi da Babarbare, wannan cakuɗuwar tana cikin abin da ya ba ta suna.

Ɗan Samaru ya tsaya a gona, to ni zan ce sashen tarihi ma ba baya ba. Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta, shi ya dage cewa tarihin ƙasar nan a nemo shi a rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami, ba a rahoton Razdan kaɗai ba, shi ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Ɗalibinsa Dokta Bala Usman ya ɗora, wanda bai taɓa jin lakcarsa ba ba zai gane ba, ɗaki ya cika har taga, 'yan injiniya ma suna barin ajinsu su zo saurare. Gwamnatocin soja ba sa barci saboda Samaru a lokacin, har malaminta Patrick Wilmot aka kora daga ƙasar a 1988. An kuma biya farashi, a watan Mayun 1986 an rasa rayukan ɗalibai a rikicin da aka yi, Allah ya jiƙansu. Ko zane ma, ƙungiyar nan ta su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da ta sauya fasahar zane a Najeriya, a Zariya ta tashi a 1958, tun wajen yana kwaleji kafin ya zama jami'a.

To wannan zafin na muhawara ya ragu, ban musa ba. Amma cibiyoyin bincike ba sa tashi sama don an yi yajin aiki, filin gwaji da ma'ajiyar iri na shekara da shekaru ba abu ne da sabuwar jami'a za ta saya da kuɗi rana ɗaya ba. Marigayi Farfesa Andrew Nok a nan ya yi aikinsa a kan ƙwayar cutar sammore da ciwon barci har ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin gas na NLNG a 2009, wannan ai ba zamanin Sardauna ba ne.

Maman Sadik:

Baba Malam Allah ya ƙara lafiya, mun sha karatu. Abban Iman ni mace ce kuma noman na karanta, don haka bari in yi maganar da ƙanwarka za ta ji. Nima da kuka na fara wlh, ƙawayena suna tsokanata wai Sarkin Noma. Kwas ɗin shekara biyar ne, akwai shekarar da za a kai ku gona ku yi aiki da hannunku, rana za ta dake ta ba ƙarya, ta tanadi hula da takalmin roba. Amma ba fartanya ba ce zalla, akwai kimiyyar ƙasa, akwai kare amfanin gona daga ƙwari, akwai kiwo, akwai tattalin arzikin noma, kuma wanda ya so likitanci yawanci yana jin daɗin ɓangaren ƙwayoyin halitta da auren iri don duk bayoloji ne da kemistiri. Amfanin yin shi a Samaru shi ne malamin da ke koya maka a aji sau da yawa shi ne mai binciken a IAR, in ka nuna himma furojet ɗinka zai iya zama cikin aikin gaske ba kwafe-kwafe ba. Ni yanzu kaji nake kiwo ina kuma sayar da iri, ban taɓa zaman jiran aikin gwamnati ba.

Af, ba wanda ya faɗi wannan, a ABU ne fa na'urar nukiliya ta bincike take, a cibiyar CERT, ƙarama ce 'yar Chaina, tun 2004 take aiki, ana gwada ƙasa da ma'adinai da ita a gano sinadaran da ke ciki. A 2018 aka canza mata makamashi aka mayar wa Chaina tsohon. Mun yi shekara biyu a makarantar kafin mu san da ita, muna wucewa abinmu.

Gaskiya Ɗaci:

To Hajiya na sallama a kan noma, a nan kam ban san wadda za ta ja da ita a Arewa ba. Amma maganar yajin aiki tana nan, ya sa a ransa biyar ɗin tana iya zama shida.

Abban Iman:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Malam a ci gaba da sa mu a addu'a. Na miƙa mata wayar ta karanta da kanta, ta yi shiru dai ba ta ce komai ba amma na ga ta koma kan na Maman Sadik sau biyu. Hajiya kuma da na karanta mata na Baba Malam cewa ta yi ai ta gaya mana. Maman Sadik dan Allah in ba damuwa zan turo miki saƙo ta ciki ku yi magana da ita, kuma wai tana tambaya hostal ɗin Amina yana da nisa da inda 'yan noma suke lakca?