Me ya sa ake ba Turawa rawar mutanen Asiya a fina-finai?

Bashir, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Daren jiya ni da ƙanena muka kalli wani tsohon fim na Amurka, The Conqueror na 1956, inda John Wayne, wanda muka saba gani da hular kaboyi, ya fito a matsayin Genghis Khan na Mongoliya. An liƙa masa siririn gashin baki, an ja masa gefen idanu da kwalliya, amma da ya buɗe baki sai ka ji kaboyin nan dai. Ƙanena ya yi ta dariya har da hawaye. Shin babu 'yan wasa 'yan Asiya ne a lokacin?

Malam Umaru, Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam, Bashir. Akwai su ƙwarai, hana su aka yi. Anna May Wong, 'yar asalin Sin da aka haifa a Los Angeles, ta so a ba ta rawar matar manomi a fim ɗin The Good Earth na 1937, amma da yake an riga an ba Bature Paul Muni rawar mijin, ƙa'idojin tace fina-finai na lokacin kuma ba sa son a nuna aure tsakanin farar fata da wani jinsi, sai kamfanin MGM ya ɗauko Luise Rainer, haifaffiyar Jamus. Da wannan rawar ta lashe kyautar Oscar. Sai a 2023 mace 'yar Asiya, Michelle Yeoh, ta fara cin wannan kyauta ta gwarzuwar jaruma.

Aminu, Arkilla:
Malam, a gafarce ni, amma ai wasan kwaikwayo kwaikwayo ne. Wanda bai taɓa sarauta ba yana naɗa rawani ya fito sarki, ba wanda ya ce uffan.

Malama Hadiza, Mabera:
Ɗan'uwa Aminu, da kowa na iya fitowa a rawar kowa, da maganarka ta zauna, to amma ƙofar ta ɓangare ɗaya take buɗewa, domin ba a taɓa kiran Wong ta fito a matsayin sarauniyar Ingila ba. A dandamali ma an yi wannan rigima: a 1990 ƙungiyar 'yan wasa ta Amurka ta ƙi yarda Bature Jonathan Pryce ya sake fitowa a rawar ruwa biyu, ɗan Faransa da Biyetnam, da ya taka a wasan Miss Saigon a Landan, daga baya ta janye bayan mai shirya wasan ya ce ya fasa kai shi New York. Mu Sakkwatawa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Na sha zama a gaban talabijin da mahaifiyata, wani ɗan wasa ya fito yana karya harshe da sunan Sakkwatanci don a yi dariya, sai ta tsuke baki ta ce a canza tasha, wai ita ba ta san mai magana haka ba a duk dangin.