Banish yana yin fari-fari a saman teburin madaci

Salamu alaikum, masu sana'a. Wani saman tebur na madaci mai kaurin inci 2 ya hana ni sakat. Na goge shi da samfefa lamba 120, sai 180, na ƙare da 220. Na fesa sila (shafin farko da ke toshe ƙananan ramukan katako kafin banish) shafi biyu, na bi ta da samfefa 320, har nan lafiya lau.

Matsalar tana farawa ne da na fesa banish mai saurin bushewa, irin wanda ake sirkawa da tina. Cikin minti biyar sai wani farin hazo ya taso, ya fi tsanani a gefuna da bakin katakon inda aka yanke. Ba ƙura ba ce, domin in an shafa hannu sumul yake, farin yana can cikin banish ɗin.

Na zubar da ruwan tankin kwamfaresa (injin da ke tura iskar feshi), na sa matatar ruwa dab da bindigar feshi, na rage ƙarfin iska. Na sauya tina, na rage kaurin shafi, na koma feshi da tsakar rana. Farin ya ɗan ragu, amma bai tafi ba. Danshin katakon kashi 12 cikin ɗari ne, don haka ba na zargin sa. Laimar iskar shagon ce ta kai wajen kashi 80 cikin ɗari.

In na zuba maganin rage saurin bushewa cikin tina na sake fesa shafi mai laushi, zai narkar da farin nan, ko dole sai na kankare har kan sila?