Na sa Ubuntu, allon shiga ya ƙi barina in wuce

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina cikin damuwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a Tudun Wada. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025 hankalina bai kwanta ba, kuma kwamfutar tawa ta hannu ce, ba ta ɗaukar Windows 11. Ƙanen matata ya ce in gwada Ubuntu 24.04, wani tsarin kwamfuta na Linux da ake sawa a madadin Windows, ya kawo filasha ya sa min, ya koma Zariya. Kwana uku tana aiki lafiya lau, har na kwafo bidiyon bikin wata kwastoma daga wayarta. Yau da safe na sa kalmar sirri, allo ya yi baƙi kamar ƙiftawar ido, ya dawo da ni inda na fara. Na gwada ya fi sau ashirin. Akwai furojet ɗin ɗalibai biyu a ciki, gobe za su karɓa. Don Allah a taimaka.

Injiniya Kawo: Wa alaikumus salam. Matsalar direban NVIDIA ce, wato manhajar da ke sarrafa katin hoton kwamfuta na kamfanin NVIDIA, ba wani abu ba. Danna Ctrl+Alt+F3, baƙin allon rubuta umarni zai fito, ka shiga da sunanka, ka rubuta sudo ubuntu-drivers install, ka sake kunnawa. Na gyara irin wannan ya fi a ƙirga.

Maman Hanif: Malam, kafin ka taɓa direba, a baƙin allon nan rubuta df -h ka gaya mana abin da ka gani. Idan wurin ajiya ya cika, tsarin ba ya samun inda zai rubuta fayilolin shiga, sai ya mayar da kai baya. Giga nawa aka ware wa Ubuntu?

Abban Sadiq: Giga 20, Hajiya. Na bar Windows a gefe saboda CorelDRAW, da shi nake cin abinci. Ya nuna 100% a layin da ke da alamar /. Amma ai kwana uku ta yi aiki a hakan.

Injiniya Kawo: Cikar wuri ba ta hana shiga, ƙanwata, bar wannan zance. In direban bai yi ba, buɗe /etc/gdm3/custom.conf ka cire # daga gaban WaylandEnable=false. Shi ke nan.

Maman Hanif: Tana hanawa, Injiniya, ta faru da ni. Su kansu masu Ubuntu giga 25 suka ce a ware. Kuma ta yaya zai sauke direba a faifan da ba sauran wuri? Malam, yi sudo apt clean don ka samu wuri, ka kwashe bidiyon nan zuwa filasha tukuna.

Ɗan Barnawa: Ni abin da ke ƙona min rai, masu sa wa mutane tsarin nan su tafi su bar su. Bara wani mai gyara ya goge min hotunan sunan ɗiyata gaba ɗaya, ko haƙuri bai ba ni ba. Tun daga nan na koma Linux Mint, wani tsari mai kama da Ubuntu, ban sake waiwaya ba.

Abban Sadiq: Yaron bai yi laifi ba, ni na ce ya rage wurin. Bidiyon kuma amana ce, ina tsoron taɓa ta a baƙin allo, kada in goge wa baiwar Allah bikinta.

Maman Hanif: To tayar da kwamfutar daga filashar da aka sa tsarin da ita, ka zaɓi gwaji ba sakawa ba. Za ka ga fayilolinka da linzami, ka kwashe furojet ɗin yaran.

Injiniya Kawo: Ɓata lokaci ne. Ka yi abin da na ce tun farko.

Abban Sadiq: Filashar tana hannunsa a Zariya. Kuma ni ban ma tabbata akwai NVIDIA a cikinta ba, Intel kawai na gani a jiki. An ɗauke wuta yanzu, batir saura kaɗan. Wanne zan fara?